Malamin da Na Kora da Kunnena

Gidana da makarantar firamare ta garinmu katanga ɗaya ce ta raba su. Ban taɓa shiga aji ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma shekara da shekaru ina zaune ina ɓare gyaɗa, kunnena na makaranta. Na san malamin da ke makara, na san mai sulalewa kafin azahar. Tsorona suke ji, ni kuma abin na yi mini daɗi.

Wata shekara iyayen yara suka shirya a riƙa yi wa malamin da ya fi ƙoƙari ƙari a kan albashinsa. Gardama ta kaure wurin taro. Wasu suka ce a duba sakamakon jarrabawa, wasu suka ce in an yi haka malamai za su dinga ba yara amsa. Sai hedimasta ya juyo gare ni.

"Inna, ke da ba abin da ke wuce ki, wa kika gani?"

Na gyara mayafi. Ni a sanina karatu da ƙarfi ake yin sa, kamar na allo.

Na ce, "Malamin aji huɗu, ɗiyansa har Zagga ana jin su. Amma wanga matashi na aji uku, ajinsa tsit kamar gidan makoki. Ko bulala bai riƙewa. Kwana yake yi, ni ku tambaya."

Aka kwashe da dariya, matashin ya sunkuyar da kai. Mai ihu ya samu ƙarin. Da aka dawo hutu, na aji uku bai dawo ba. Dama albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, ga matarsa da tsohon ciki.

Jikata a ajinsa ta yi karatu. Wata rana ta ɗauki kwalin maganina na hawan jini ta ce, "Kaka, ɗaya aka rubuta, ke kina shan biyu." Na miƙa wa wanta, wanda ya fito daga hannun mai ihu. Ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya yi mini murmushi.

Na tambaye ta, "Me kuke yi cikin shirun nan?"

"Rubutu. Malam yana bin mu ɗaya-ɗaya."

Da furfurata, ranar na san rubutu ba ya yin ƙara.

Na je na iske malamin aji ukun a tashar babura ta bakin iyaka, yana kabu-kabu, yana kai 'yan kasuwa cikin Benin. Ban taɓa roƙon yaro ba sai ranar.

"Malam, ka dawo. Ni na yi ɓarnar, kuma gaban kowa zan tashi in faɗa."

"Inna, an raɗa wa jaririya suna, ga ciyarwa. Babur ɗin nan ya fi alli riƙe gida." Ya share mini wurin zama da hularsa. "Hau in kai ki, rana ta yi."

Ya sauke ni ƙofar gida. Yara suka leƙo ta taga suna kiran "Malam! Malam!" Ya ɗaga musu hannu, ya juya babur ya nufi iyaka.