Takabar Baturen da Kawu Ya Binne

Duk sanda injin ban-ruwa ya fara ruri a fadamar Kudan, sai in ajiye abin da ke hannuna. Haka jirgin sama yake kuka daga nesa, kuma haka kawuna yake tsayawa cak in ya ji shi.

Shi ya riƙe ni ina ƙarama a ƙauyen Taba. Ya je yaƙin Bama ya dawo da lafiyarsa, sai dai ba ya yarda mutum ya zauna ya ba shi baya. Ko a gona, in na juya ina ɗaure rake, sai ya ce, "Juyo, 'yar nan, in ga fuskarki."

Wata rana da rana tsaka jirgi ya wuce. Kawu ya yar da adda ya zauna, ya gaya mini dalili. A dajin Bama ya je ɗebo ruwa, ya tarar da wutsiyar wani jirgin Amurka mai jefa bom, ta karye ta faɗo ita kaɗai cikin gora. A ciki akwai wani saurayin Bature, mai harbi da bindigar baya, wanda aikinsa ya zauna yana kallon inda aka baro. Ya riga ya cika, hannunsa na kan bindiga, da zobe irin na masu aure a yatsansa. Kawu ya haƙa rami ya rufe shi. Kafin ya kai labari aka ce rundunarsu ta tashi, daga baya kuma tsoro ya hana shi faɗa.

"Matarsa fa, Kawu?"

"Ita ce abin. Tana can tana saka kwalli tana jiran miji, ba ta yi masa takaba ba. Shi ya sa bai kwanta ba." Ya nuna bakin gona da haɓa. "Ga shi can zaune, ya ba mu baya."

Na duba. Rake ne kawai, amma ganyen wuri ɗaya ba ya motsi, alhali iska na kaɗa sauran.

Kawu ya roƙi tasa matar ta yi wa Baturen takabar. Ta ce, "Malam, da ranka? Ka kai wa liman wannan maganar." Liman ya ce babu haka a addini. Kawu ya rasu da abin a ransa.

Bara maigidana ya rasu, har yau ban daina kuka ba. Kafin a yi masa wanka waya ta kai labarin har Legas. Yanzu ba a barin mace tana jira. Na yi wata huɗu da kwana goma. Ranar fita 'ya'yana suka kawo lalle da sabon zane, na ce su ajiye, na sake farawa daga fari, wannan karon don Baturen. Suna cewa baƙin ciki ne ya taɓa ni. Na san liman ya yi gaskiya, Allah Ya yafe mini.

Ban san sunan Baturen ba, ban san na matar ba. In na idar da salla sai in ce, Allah ga maigidana, ga kuma mijin wance.