Gidan da Na Ƙi Kamawa a Kampala

Kaka Dije ba ta iya zaman banza ba, shi ya sa ko tatsuniya sai tana aiki take ba mu. A gidanmu na Yelwa ta ƙasar Yauri, can gangaren da ke kallon ruwa, tana da wurin bandar kifi a bayan ɗakinta. Da an sallame magariba za ta hura wuta, ta jera tarwaɗa a kan waya, mu jikoki mu kewaye ta muna murza ido saboda hayaƙi. Kullum da ƙarnin kifi muke komawa ɗaki, Inna ta yi ta faɗa a kan rigunanmu, washegari mu sake.

Kaka mahaifiyar babanmu ce, kuma 'yar gungu. A tsibiri aka haife ta, tsakiyar kogi, kafin ruwan dam ɗin Kainji ya shanye garinsu a kwaso su zuwa tudu. Ni take kira angonta, angon da ko tuƙa jirgi bai iya ba. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga itacen gyara wuta a ƙasa ta ce, "Jirgi za ya tashi, wa ka zuwa?" Mu haɗa baki mu ce, "Mun shiga!" Wanda bai amsa ba an bar shi a gaɓa, ba shi da kan kifi a ranar.

Akwai labarin da ta fi maimaitawa har muka haddace shi, na baƙon da ya zo daga tudu.

Wani manomi ne, in ji ta, ya baro ƙasarsu inda ruwa ke wuya, ya zo bakin kogi da amaryarsa cikin rani yana neman wurin zama. Ya tarar da masunta sun cunkushe a tungarsu, kan wani tudu mai duwatsu, ga awaki, ga ƙudaje, matansu suna hawa da tulu suna haki. Can ƙasa kuwa ga farin yashi shimfiɗe, ga inuwar giyayya, ga ruwa taku goma, kuma babu kowa. Sai ya ce lallai mutanen nan ba su da wayo.

Wata tsohuwa tana ɗinkin taru ta gan shi yana kafa itace. A nan Kaka ke ƙanƙance murya: "Ɗan nan, kahin ka dubi ƙasa, ɗaga kai ka dubi bisa. Mi kag gani?" Ya ɗaga kai, ya ga busasshiyar kainuwa, ganyen nan mai yawo a kan ruwa, ta maƙale a reshe sama da tsawon mutum. "Wa yak kai ta nan?" Ya ce tsuntsaye ne, sheƙa za su yi. Tsohuwa ta ce, "To, Allah shi ba tsuntsaye sa'a," ta ci gaba da ɗinkinta.

Ya gina ɗaki, ya yi shinge, amarya ta jera ƙorenta. Damina ta sauka, kogi ya fara cika, shi kuma kullum yana cewa gobe zai tsaya. Ranar kasuwa ya fita, da ya dawo da la'asar babu ɗaki, babu shinge. Amarya tana kan giyayya, zaune daidai inda kainuwar take, rungume da tukunya, a cikin tukunyar kuma tarwaɗa tana wutsilniya. Kaka kan rungume ƙwaryar gishirinta ta kwaikwayi amaryar: "Maigida, sannu da zuwa! Ga ni cikin sheƙar tsuntsayenka!" Mu yi ta dariya har da faɗuwa. Ƙanwata kullum sai ta tambaya ko amaryar ta mutu. "Ba ta mutu ba, masunta sunka zo da jirage. Sai dai har yat tsuhwa ba ta bar tuna mai ba. Mun iso gaɓa, kowa shi sauka."

Sau ɗaya na tambaye ta, su mutanen gungu me ya hana su ɗaga kai? Ta jima tana juya kifi kafin ta ce, "Mun ɗaga, ango. Wancan ruwa bai bar shaida ga icce ba, cikin takarda yaz zo."

Ina sakandare ta rasu, labarin kuma ya kwanta a wani lungu na kaina. Bayan shekaru na sami aikin koyarwa a wata jami'a a Kampala, babban birnin Uganda. Na riga matata Rakiya tafiya. 'Yar Gusau ce, tana ɗauke da cikin fari wata shida, kuma saura mako biyu ta biyo ni. Dole kafin nan in sami gidan da za ta haihu a ciki, a garin da ba mu da uwa, ba mu da dangi, ba mu jin yaren kowa.

Kampala gari ne na tuddai, in ba ka hawa to kana gangara. Wani dillali mai son sa kwat ya yi ta yawo da ni a bayan babur. Wannan gida ya yi nisa da aiki, wancan bangonsa ɗaya da gidan rawa, wani kuma da ka buɗe taga sai hancinka ya taɓa katangar maƙwabci. A rana ta biyar ya gangara da ni wata sabuwar unguwa a cikin kwari. Shiru, iska mai sanyi, gidan ƙasa babu bene, farin fenti har yana ɗaukar ido, ga ayaba a tsakar gida. Na tura wa Rakiya hotuna. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira. "Malam, wannan. Don Allah kada ka ƙara duba wani." Na ce gobe zan sa hannu.

Washegari na riga dillali zuwa. Ina tsaye a bayan gidan ina jiransa, don rashin abin yi na shiga kallon shingen waya da ya raba shi da wani fili. Sai na ga ledoji da busasshiyar ciyawa sun maƙale a jikin wayar. Ba a warwatse suke ba, layi ɗaya suka yi daidai ƙirjina, kuma duk gefe guda suka karkata. Wallahi sai da na ji ƙamshin hayaƙin banda.

Daga nan idona ya buɗe. Na leƙa ta taga, na ga wuraren jona wuta duk a sama aka sa su, kusa da kafaɗa. Dokin ƙofar maƙwabta ya kai gwiwa, sai an ɗaga ƙafa sosai ake shiga. Tsallaken hanya akwai wata mata mai gasa masara. Na sayi ɗaya, na tambaye ta da Turanci ko ruwa na zuwa nan. Ta dubi takalmina mai sheƙi, sannan ta ɗora hannu a ƙugunta. "Ba kullum ba," ta ce.

Da dillali ya iso na nuna masa shingen. Ya yi dariya ya ce iska ce, ko yara. Na ce masa a'a, tsuntsaye ne. Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba.

A ƙarshe gidan da na kama yana can kan tudu, kusa da kasuwa, hawa na biyu a wani tsohon bene. Babura suna kuka tun safe, masu talla suna ihu da yaren da ba mu ji. Abin da ya ja ni kawai, akwai masallaci a bayanmu, da ƙaramin asibiti da ake zuwa da ƙafa, kuma mutanen layin duk tsofaffin zama ne.

Rakiya ta iso, ta hau matakalar nan tana haki, ta zauna a kan akwati. "Malam, saboda leda ka kawo mace mai ciki hawan bene?" Na fara ba ta labarin Kaka, ta ɗaga mini hannu. "Ku mutanen Yauri, ko a kofi kuka ga ruwa sai kun nemi jirgi."

Wata biyu aka yi ba wani ruwan kirki, sai yayyafi. Duk lokacin da na ga ta tsaya a tsakiyar matakala ta dafe baya, sai in ji kunya ta kama ni. Na fara zargin kaina, ko dai na wahalar da baiwar Allah a kan tatsuniyar tsohuwa. Ita kuma ba ta goge hotunan farin gidan daga wayarta ba, na sha kama ta tana kallonsu.

Ranar da naƙuda ta zo mata, tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi na buga ƙofar matar da ke ƙasanmu, wata mai ɗinki. Ko tambaya ba ta yi ba, ta yafa zane, ta riƙe Rakiya gefe guda ni gefe guda, muka taka zuwa asibiti a ƙarƙashin lema ɗaya. Kafin la'asar an miƙo mini 'yata. A nan na ji ma'aikatan suna cewa abokiyar aikinsu ta kasa zuwa, hanyoyin kwari duk sun rufe, ko babur ba ya wucewa. Na zauna a kan benci, ba abin da nake iya faɗa sai alhamdu lillahi.

A rana ta uku na gangara don in gani da idona. Farin gidan yana nan, da jan layin laka daidai ƙasan taga. Wani ɗan Sudan ne ya kama shi, baƙo irina. Ya baza littattafansa a rana, yana fama da katifa shi kaɗai. Na kama masa muka ɗora ta a kan katanga. Na tausaya masa, amma ba zan ɓoye ba, wani sanyi nake ji a zuciyata har ina jin nauyin kallon idonsa.

A hanyar komawa na yi ta tunanin Kaka. Muna yara, mun ɗauka labarin wani wawa take ba mu don mu yi dariya. Ashe manomin nan ba wawa ba ne, baƙo ne kawai, kuma kowane baƙo da rani yake zuwa. A ranar da wuri ya fi kyau ake nuna masa shi. Mutanen da ya tarar a cunkushe kan duwatsu su ma suna da ido, sun ga farin yashin kafin shi.

Na tarar da Rakiya tana shayarwa. Ta ga laka a wandona ta tambayi inda na je. Na miƙa mata wayata da hoton da na ɗauka. Ta daɗe tana kallo, ta matso da shi kusa da ido, sannan ta sa yatsa a kan tagar da layin lakar ya bi ta ƙarƙashinta.

"Ban taɓa gaya maka ba," ta ce a hankali. "Nan na yi niyyar yi mata shimfiɗa. A ƙasa, don ta sha iska."

Ta mayar mini da wayar, ta ƙara rungume yarinyar, muna jin kukan babura a ƙasa.