Hayaƙin da Na Shaƙa a Ramin Yaƙi

Salamu alaikum. Masu tambayar ina Baba Laftana ya shige, ga ni. Jinya na yi a Inugu.

Da tari ya fara. Daga gidana a unguwar Fegge zuwa masallaci, sai na zauna a bakin shagon Mama Ngozi na huta. Ranar da na tofar da jini, 'yata Hajara ta ce, "Baba, yau ba shawararka nake nema ba." Ta sa ni a mota.

An ɗauki hoton ƙirji, an gwada kaki. Ba tarin fuka ba ne. Likita ta ce, "Baba, tabon nan na huhunka tsoho ne. Kana shan taba?"

Ban taɓa sha ba. Sai na ba ta labari.

Lokacin yaƙin basasa ina ƙaramin hafsa. Muna cikin rami kusa da kogi, ruwa iya gwiwa, aka ba mu oda mu afka wa ramin da ke gabanmu. Kafin in busa usur wani abu ya faɗo tsakaninmu. Ba ƙara sosai. Hayaƙi ne fari mai nauyi, yana bin ramin. Wani ya yi ihu, "Gas!" Ba mu da abin rufe fuska. Sajena Bitrus, mutumin Zonkwa, ya jiƙa hularsa ya danna min a hanci. Ya ce, "Oga, kai za ka ja yaran."

Na busa. Muka fita ba ma gani, muka ƙwace ramin. Da na dawo, Bitrus na zaune inda na bar shi. Ya riga ya cika.

Har yau ban san ko mene ne hayaƙin ba. Ban yi kuka a ranar ba, ban yi a gaban likita ba. Ita ce ta tashi ta fita.

Da aka ɗora min abin shaƙar iska, fizge shi na yi. Nas ta ce, "Papa, na ordinary air," wai iska ce kawai, ba hayaƙi ba. Hajara ta riƙe hannuna, na bari.

An zuƙe ruwa daga huhun, allura safe da yamma. Filin Hajara ya tafi a magani. Yanzu ina kai masallaci ban zauna a hanya ba. Ana ce min in yi murna. Ina ƙoƙari.

Na gode wa Allah, da likitata, da Mama Ngozi da ta yi ta aiko da farfesu. Hajara, Allah ya yi miki albarka.

Tari in ya daɗe, a tafi asibiti. Tsofaffin soja, ku faɗa wa likita abin da kuka shaƙa, kar ku jira a tambaye ku.

Wanda kuma ya san gidan su Saje Bitrus, ya neme ni tun ina da numfashin magana.