Ranar da 'Yan Amshin Kawu Suka Dawo

Ƙarfe goma da kwata na safe, wata Asabar bayan girbi, muka shiga sitidiyon da ke bayan tasha a Gumel. Mu huɗu ne: ni, da kawuna mawaƙin noma, da taubashinsa wanda ya yi masa amshi tun suna samari, sai mai sitidiyon, wani magidanci mai sanyin magana.

Ga abin da ya kawo mu. Kawu yana da waƙar da a da, daga Sule Tankarkar har Maigatari, ba a kama gonar gayya sai da ita. 'Yan amshinsa huɗu ne, uku sun rasu. Muryarsa kuma ta soma dushewa tun tarin da ya yi da damina. Na san in ba a ɗauki waƙar a shekarar ba, ta tafi ke nan. Shi kuwa ya kafe cewa waƙar da ba ta da cikakken amshi surutu ce. Da ƙyar na sa shi a mota.

Ni karatuna firamare ne, aikina masinja, kuma a aiki na koyi cewa ba a taɓa kaya sai an san sunansa. Don haka na ce wa mai sitidiyo ya fara da bayani, ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna makirfo, ya nuna hedifon da ake sawa a kunne. Ya ce kiɗan da waƙa ke hawa kai shi ne bit, mai jan baiti lid, amshi kuma korus. Kowace murya ana ɗaukarta ita kaɗai a layinta, kamar layin shuka, sunan layin tirak. Daga baya a haɗa.

Aka fara da ganga. Kawu ya kaɗa, aka ɗauka, ba gardama. Da aka zo amshi ne aka tsaya.

"To, Injiniya," in ji Kawu, "korus ɗin naka ina za ka samo shi? Ga abin da ya rage min, wannan tsohon kwano."

Taubashi ya ce, "Kwanon da ka ci tuwo a cikinsa har haƙoranka suka zube."

Mai sitidiyo ya ce yana da samari masu murya, zai iya kiransu. Kawu ya ce wanda bai taɓa duƙawa da hauya ba numfashinsa daban ne, ya fara laluben takalminsa. Sai mai sitidiyo ya ce, "Baba, dakata. Zan iya ɗaukar muryar taubashin nan naka sau huɗu in jera su."

Aka yi haka, aka kunna. Kawu ya saurara, ya taɓe baki. "Wannan ai kai ne sau huɗu. Kai ɗaya ma yaya muka ƙare?"

Na zaci taubashi zai rama. Bai rama ba. Sai ya ce a share uku a bar ɗaya. Ya koma gaban makirfo ya gyara tsayuwa, ya ce, "Na Gagarawa. Allah ya jiƙansa." Da ya buɗe baki sai wata siririyar murya ta fito, mai rigan ganga shiga da ɗan kaɗan. Na san mai muryar nan, ɗaya ne daga cikin 'yan amshin da suka rasu. Ya sha ba ni gyaɗa ina ƙarami.

Bayan shi sai na Maigatari, mai murya kamar daga cikin randa. Mai sitidiyo ya ce da ni a hankali, wannan ita ake kira bes. Na ƙarshe Bafillace ne, mai jan wutsiyar amshi kamar yana kiran shanu daga nesa. Taubashi ya yi shi har da ɗan tarin da yake yi kafin ya shiga. Duk zaman da suka yi yana tsaye kusa da su a gonakin mutane, ashe kunnensa yana ajiya, shi kansa bai sani ba.

Sai mai sitidiyo ya yi tambayar da ta sa na ƙara ganin girmansa. Ya ce, "Baba, a gona wa ke tsayawa ina?" Aka gaya masa: na Gagarawa da Bafillace a dama, na Maigatari da taubashi a hagu. Ya taɓa nan, ya ja can, ya miƙa wa Kawu hedifon.

Ganga ta tashi. Da amshi ya shigo, Kawu ya waiga dama da sauri. Bango ne kawai a wajen. Ya waiga hagu. Sannan, ba wanda ya ce masa ya fara, ya ja baiti. Mai sitidiyo ya riga ya danna ɗauka. Muryar ta fito da kaushi, amma ta hau, kuma duk inda ta nemi faɗuwa sai mutum huɗun nan su tare ta, kamar yadda suka saba. Ni da ba na barin a yi abu ba bisa tsari ba, na manta da tambayar sunan komai. Har ya kai baitin ƙarshe bai tsaya ba.

Da ya cire hedifon ya dubi taubashi ya ce cikin raɗa, "Na Gagarawa ka ɗan makara."

"Ka je ka kai ƙarata wurinsa," in ji taubashi, yana goge ido da bakin riga.

Yanzu Kawu ba ya iya ɗaga murya ko a kiran jika. Waƙar kuwa tana yawo daga waya zuwa waya a kasuwannin mako. Abin da ba na so shi ne yadda nake ganin mutane suna sauraronta baki rufe, kamar labaran rediyo. Ba haka ake jin waƙar gayya ba. Kai mai karatu, idan ta iso wayarka, ka bari Kawu ya ja baiti, sannan ka buɗe baki ka amsa tare da su da ƙarfi, ko a kan babur kake.