Shekaru Huɗun Da Na Ƙara Wa Ɗan Maƙwabciyata

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ni mai tuyar waina ce a Ƙofar Guga. Ko baƙi ɗaya ban sani ba a takarda, amma duk unguwa ana shakkar bakina. Sai da furfura ta fito mani na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuto maku da hannuna.

Lokacin kamfe ne, 'yan siyasa suka tara yara suna ba su ƙwaya da wuƙaƙe. Aka yi arangama, ɗan maƙwabciyata ya sari ɗana a hannu, har yau yatsun ba su lanƙwasuwa. Mai unguwa da liman suka zo har zaurenmu, suka ce in sassauta, yaro ne, a kai shi gidan horon yara. Na ce masu wuƙar da ya riƙe ai ba ta yara ba ce, su ba ni wuri. A kotu aka rasa takardar haihuwarsa. Uwarsa ta ce shekarunsa sha huɗu, ɗan sanda ya ce sha takwas. Alƙali ya nemi wanda ya san haihuwar, sai uwar ta nuna ni da kanta, ta ce a tambaye ni, ni da take kira yaya, don ni na dafa mata ruwan wankan jego, ni na riƙa dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Na miƙe na ce ya cika sha takwas. Ba ta yi kuka ba. Dubana ta yi, ta ce in dai ni na faɗa, Allah ya ji.

Gidan yari aka kai shi, cikin ƙarti. Abin da aka yi mashi a ciki bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya fito ba ya haɗa ido da mutane, in namiji ya ɗaga murya sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Yanzu a rumfunan Babbar Kasuwa yake kwana. Ɗana da aka sara shi ne ke kai mashi abinci, ya kuma ce mani shi tuni ya yafe, saura ni. In na ratsa ta kasuwar, yaron yakan durƙusa ya gaishe ni da Inna, ni ko sai in sauya hanya.

Har gobe ban ce a ƙyale mai laifi ba. Wanda ya zubar da jini a hukunta shi, amma yaro a hukunta shi a inda yara suke, don a samu abin da zai dawo gida. 'Yan'uwana mata, in an taɓa maku ɗa, kada ku ba da shaida zuciya na tafasa. Hannun ɗana ne ya nakasa, ni kuma na karɓe mata ɗa ɗungurungum, ga ƙofarta tana kallon tawa, na kasa shiga.