Simintin da Na Sa Aka Shafa wa Gidanmu

Kakanmu ya gina gidaje biyu a Kazaure, bango ɗaya ya haɗa su. Na gabas na mahaifina ne, na yamma na ƙaninsa, wanda muke kira Baffa. Magini ɗaya ya yi su, da tubalin ƙasa da azara. Zaurukan girmansu ɗaya, kowanne da zankwaye a sama da zayyana kewaye da ƙofa. Baƙi daga Roni ko Gwiwa sukan yi sallama a namu alhali wurin Baffa suka zo.

Kowace shekara kafin damina mutanen gidajen biyu sukan haɗu a yi yaɓe. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a toshe tsaga, a gyara indararo, a shafa makuba don kada ruwa ya ci bango.

A shekarun da arzikin mai ya shigo na sami aiki a Kano, na ga gidajen siminti. Na dawo na shawo kan mahaifina, na ce in an shafe namu da siminti an gama da wahalar yaɓe. Baffa ya ƙi a taɓa nasa. Ya tsaya yana kallon leburori, ya ce, "Yaya, bangon ƙasa in ya sha ruwa yana fitarwa. In ka rufe shi, ta ina zai bushe?" Ni na amsa, ba mahaifina ba, abin da bai kamata ba. Na ce zamani ya canja.

A wuni ɗaya aka rufe zayyanar ƙofarmu.

Bayan 'yan shekaru simintin ya tsage, ruwa ya bi ta bayansa, ƙasa ta jiƙe ta ƙi bushewa. Daga waje ba ka ganin komai. Wata damina gaban zauren ya zame gaba ɗaya, azara ta biyo shi. Da bulo da kwano muka mayar.

Daga baya masu kula da gine-ginen tarihi suka zo, don sun ji labarin gida biyu iri ɗaya. Suka auna na Baffa, suka ɗauki hoto, suka sa shi cikin waɗanda ba a rushewa. Da takardar shaidar hakan ta iso, ni Baffa ya miƙa wa in karanta masa, don da boko aka rubuta. Na karanta har inda aka kira namu ginin bulo na maƙwabta, na tsaya. Baffa ya ce in ci gaba.