Musmarin Dinamo a Cikin Rami

Ni makanike ne, aikin da na iya ke nan. Shekarar da nake ba ku labari kuwa kasuwa ta mutu a Mai Wurno, sai na bi Yayana yankan riɗi a gonakin gabas da Dinder. Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ya sa hannu zai ɗaga dami, abin ƙasa ya sare shi a ƙafa. Mu ba ma kiran sunansa idan ya ciji mutum, abin ƙasa muke cewa.

Muka ɗaure ƙafar da rawaninsa, muka kwantar da shi a bayan boksin mai gona, wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya mai shan jas, wato dizal. Direban dattijo ne ɗan Rufa'a, Hausarsa rabi Larabci. Na zauna a baya na riƙe kan Yaya, muka nufi asibitin Dinder.

Hanyar gona ce, duk gargada. Ba mu yi rabi ba na ji ƙara daga gaba, irin wadda na sani. Kafin in buga rufin mota direba ya tsaya da kansa.

"Usta, sauko! Zafi ya hau!" Usta suke ce wa makanike.

Na buɗe gaba. Kursin dinamo, ƙarfen da ke riƙe dinamo mai cajin batir jikin inji, ya karkace. Musmari ɗaya, wato noti, ya kwance ya faɗi a hanya, ɗayan ya riƙe shi har ya lanƙwashe, ser, wato bel, ya zame daga kan bakara, ƙarfen da yake zagayawa a kai. Wannan ser ɗin shi ke juya famfon ruwa. In babu shi, injin zai ƙone kafin mu ga hasumiyar masallacin Dinder. Na duba gabas na duba yamma, babu mota babu jaki, sai dawa da rana.

Wanda bai yi aiki a ƙasarmu ba bai san wani abu ba. Baƙar ƙasa ce, da ruwa ya ɗauke sai ta tsattsage, tsagar ta ci hannun mutum har kafaɗa. Shi ya sa duk makaniken da ya san kansa sai ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin inji kafin ya taɓa sifana. Buhu babu, na tuɓe rigata na shimfiɗa.

Na cire kan batir, na zare dogon musmarin da dinamo ke juyawa a kansa, na miƙa wa direba. Na ce masa, "Baba, ajiye a kan rigar." Na fitar da dinamo, na kwance kursin, na ɗora shi kan gindin jak ina duka da ƙarfen taya. Ƙarfe da zafi, ya sale mini yatsu, ban ji ba sai daga baya. Ya miƙe, ba sosai ba. Musmarin da ya ɓace na ciro irinsa daga ƙafar kujera.

Daga bayan mota Yaya yana ta magana, muryarsa ta yi kauri.

"Kai, ƙanena, haka kake wa mutane a garejinka? Shi ya sa ba ka da kasuwa."

"Yi shiru, Yaya."

"In na yi shiru kuma ka ce in yi magana."

Gaskiyarsa. Na mayar da kursin na ɗaure, na ɗora dinamo, na miƙa hannu ban waiga ba.

"Musmari."

Na waiga. Dattijon nan yana tsaye, hannunsa buɗe ba komai, idonsa a ƙasa. Bai ajiye a kan rigar ba. Riƙewa ya yi don kada ya ɓata, gumi ya sa ya suɓuce.

"Ma'alesh, ya usta, yi haƙuri. Wallahi ya shiga nan."

Tsaga ce kusa da taya, baƙa, ba ka ganin ƙarshenta. Wannan musmari ba shi da ɗan'uwa a duk motar, na sani, don na zagaya ta a cikin kaina. Kuma kowa ya san abin da ke kwana a irin wannan rami idan rana ta yi zafi.

Na zura karan dawa, ya taɓa wani abu can ƙasa, ban san ko ƙarfe ba ne. Na ce direba ya sa hannu, tunda shi ya yar. Ya ja da baya yana salati. Ban ga laifinsa ba.

Sai na lura Yaya ya daina magana.

"Yaya!"

Bai amsa ba. Na kwanta rub da ciki, na yi bisimilla, na tura hannu. Ciki da sanyi. Gwiwar hannu ta shige, kuncina ya manne da ƙasa. Wani abu ya bi ta bayan hannuna, mai ƙafafu ne ko marar ƙafa, har yau ban sani ba. Fitsari ya kusa ƙwace mini. Na ƙara turawa har ƙasa ta yanke ni a kafaɗa, yatsu biyu suka kama kan musmarin. Na fito da shi a hankali, don in ya sake faɗawa shi ke nan.

Na zura shi, na sa ser, direba ya danna dinamo da ƙotar gatari ni kuma na ɗaure. Na latsa ser da babban yatsa, ya ɗan yi sako-sako. Na bar shi haka, kursin da aka daka ba ya son tauri. Rigar ma a can na manta ta.

Na hau baya na ɗaga kan Yaya. Hancinsa na jini, amma yana numfashi. Duk hanya kunnena ɗaya na kan ƙirjinsa, ɗaya na kan inji.

Ser bai zame ba. A asibiti suka yi masa allura, suka ce da mun ƙara jimawa da sai dai wanka. Ya tashi, amma ƙafar ta shanye, da sanda yake tafiya, riɗi kuwa ya bar shi. Da ya farfaɗo ya gan ni tsaye ba riga, baƙin mai har wuya, sai ya ce, "Wa ya bar mahaukaci ya shigo?"